Tsofaffin hotunan bugu na manyan Holan: wanne ya ci kuɗinsa, wanne ne kyan ɗan maciji

A kundin masu gwanjo da shagunan tsofaffin takardu na Turai akwai hajar da ba ta yankewa: hoton mutum ɗaya, baƙi da fari, cikin da'ira mai siffar ƙwai, sunansa zagaye da shi, baiti biyu ko huɗu na Latin ko yaren Holan a ƙasa. Mai sayarwa zai rubuta "Holan, ƙarni na 17" ya ɗora farashi. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi abin da mai saye ya fi buƙata ba. Shekarar da ke jikin hoton, shekarar da aka sassaƙa farantin jan ƙarfe ce. Takardar da za a miƙo maka kuwa, mai yiwuwa a shekarar aka buga ta, mai yiwuwa bayan shekara 60, mai yiwuwa bayan 200. A cikin wannan tazara darajar hajar take hawa ko ta faɗi.

Dalilin haka yana cikin yadda kasuwar ta tashi tun farko. A Jamhuriyar Holan ta lokacin, hoton bugu kayan ciniki ne, ba kayan fada ba. A kuɗin ƙasar, gilda ɗaya stuiver 20 ce, kuma abin da ƙwararren ma'aikaci yake samu a yini bai yi nisa da gilda ɗaya ba. Ƙaramin hoton bugu 'yan stuiver kaɗan ne, don haka mai sana'ar da ba zai taɓa iya biyan mai zanen fenti ba yana iya rataya Yarima Maurits, jagoran sojojin ƙasar, ko faston cocinsa a bango. Duk abin da ya girgiza gari sai ya koma takarda. An fille kan babban ɗan siyasa Johan van Oldenbarnevelt a 1619, kwamandan sojan ruwa Piet Hein ya kame jiragen azurfar Sifaniya a 1628, kwamanda Maarten Tromp ya mutu a fagen daga a 1653, taron jama'a ya kashe jagoran gwamnati Johan de Witt da ɗan'uwansa Cornelis a 1672, kwamandan sojan ruwa Michiel de Ruyter ya mutu a 1676. Kowane ɗaya ya jawo buƙatar fuska, masu bugu kuma suka biya buƙatar da sabon faranti ko da tsohon da aka kakkaɓe.

Jarin mai bugu faranti ne. Shi ake gada, shi ake sayarwa in an mutu ko an karye. Claes Jansz Visscher, wanda shagonsa yake titin Kalverstraat a Amsterdam har rasuwarsa a 1652, ya shahara da sayen tsofaffin farantan wasu yana sake buga su da sunansa. Frederick de Wit ma a wannan titi ya yi kasuwa, kuma farantai da yawa sun bi hannu zuwa hannu har suka isa kamfanin Covens da Mortier a ƙarni na 18. Kowane sabon mai faranti yakan goge sunan na baya ya sassaƙa nasa. Wani lokaci ma kan mutumin ake gogewa, a bar doki da sulke, a ɗora fuskar wanda yake tashe.

Saboda haka abin da za a fara karantawa shi ne ƙananan rubutun da ke ƙasan hoton, ba fuskar ba. Sunan da kalmar pinxit ta biyo baya shi ne mai zanen fentin da aka kwafa. Delineavit na wanda ya zana samfurin ne, sculpsit ko fecit na wanda ya sassaƙa faranti, excudit kuma na wanda ya buga ya sayar. Wannan na ƙarshen shi ne ɗan leƙen asirin mai saye. Idan hoton yana ɗauke da 1630 amma mai excudit bai buɗe shago ba sai bayan 1660, magana ta ƙare. Cum privilegio kuwa yana nufin hukuma, galibi Majalisar Jihohi, ta ba mai hoton izinin keɓewa na wasu shekaru, wanda ya kwafa a cikinsu a ci shi tara.

Wannan izini ne ya haifi hajar da ta fi cancantar kuɗi a wannan fanni. Michiel van Mierevelt na Delft ya zana Maurits a 1607, ya nemi izinin keɓe yaɗa hoton ya samu, Jan Muller ya sassaƙa shi a 1608. Daga baya aikin ya koma hannun Willem Jacobsz Delff, wanda ya auri 'yar Mierevelt a 1618. Suruki yana zanawa, mijin 'ya yana sassaƙawa, kuɗi bai bar gida ba. Daga wannan haɗin gwiwa ne Oldenbarnevelt na 1617 ya fito, da Duke na Buckingham na 1626, da masanin shari'a Hugo Grotius na 1632, da 'yan gidan sarautar Oranje bi da bi. Manyan cikinsu suna kai santimita 40 da ɗoriya a tsaye, wajen 30 a kwance, kuma an yi su ne don a sayar ɗai-ɗai, ba don a cusa cikin littafi ba.

Bugun farko-farko na Delff, in aka kai shi kusa da ido, abin kallo ne. Kwalar leshi tana fitowa zare-zare. Baƙin tufafi ba dunƙule yake ba, layuka ne masu gilma juna har kashi biyu ko uku, da ɗan farin takarda tsakaninsu. A kumatu da ƙasan ido layukan suna sirancewa har su koma ɗigo, kuma waɗannan ɗigogin ne suke ba fuskar tsoka. Su ne kuma suke fara tafiya. Kowane bugu sai an shafa wa faranti tawada, an goge da ƙyalle da tafin hannu, an ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, an bi da su tsakanin gungumen injin matsi. Jan ƙarfe ba shi da taurin da zai jure wannan har abada. Bayan 'yan ɗaruruwan bugu masu kyau sai siraran layuka su fara cinyewa, masu zurfi su saura. Abin da yake fitowa shi ne fuska fara fat kamar an shafa alli, a kan riga mai baƙi ƙirin. Wanda ya ga irin wannan rashin daidaito, ya san faranti ya gaji. Mafi muni shi ne wanda wani ya bi da tsinin ƙarfe don ya farfaɗo da shi: layukan gyara kaurara ne, ba sa bin lanƙwasar fuska, idanu sukan yi tauri kamar na mutum-mutumi.

Ajin Delff ɗaya da mutanen Haarlem biyu. Jonas Suyderhoef ya fi kowa iya juya bugun burushin mai zanen fenti Frans Hals zuwa layi, yana haɗa cin asid (inda asid ne yake cin layukan a jikin faranti) da sassaƙa. Cornelis Visscher, wanda bai wuce shekara 30 a duniya ba, ya bar hoton fasto Gellius de Bouma na 1656, wanda gemunsa kaɗai ya isa a gane ko bugun na farko ne ko na baya. Waɗannan sunaye ba su da amon sunan shahararren mai zane Rembrandt, shi ya sa farashinsu bai haukace ba, alhali aikin hannun na sahun gaba ne. Mai kuɗi madaidaici da yake son takardar da aka buga tun mai hoton yana raye, nan ya kamata ya tsaya.

Sai dai a yi hattara da wani jeri na Cornelis Visscher ɗin. A 1650 Pieter Soutman ya fitar da hotunan tsofaffin sarakunan Holan, tun daga na ƙarni na 10, Visscher ne ya sassaƙa. Aikin yana da kyau, amma fuskokin na farko-farkon ƙage ne, domin babu wanda ya zana waɗannan mutane suna raye. Masu saye na lokacin jerin suke so ya cika, daga na farko zuwa na ƙarshe, babu giɓi a kundi. Wanda zai saya yau ya saye shi a matsayin shaidar yadda mutanen 1650 suke son ganin tarihinsu, kada ya ɗauka kamannin mutumin ne.

Mezotinti wani babi ne. Ludwig von Siegen ya fito da dabarar a Amsterdam a 1642, Wallerant Vaillant da Abraham Blooteling suka mayar da ita sana'a. Ana kartar faranti gaba ɗaya har ya zama zai buga baƙi tsantsa, sannan a kankare wuraren haske. Sabon bugu yana da laushin karammiski. Amma ƙaiƙayin da yake riƙe tawadar yana kwanciya da wuri ƙwarai, ya fi layin sassaƙa saurin lalacewa nesa ba kusa ba. Mezotintin da ya koma toka-toka, inuwarsa ta yi dabbare-dabbare, ba shi da abin sayarwa sai suna. A nan babu tsaka-tsaki: ko mai kyau ko a haƙura.

Abin da ya cika kasuwa kuwa, ruwan dare, shi ne aikin Jacob Houbraken, wanda ya rayu daga 1698 zuwa 1780. Shi ya sassaƙa hotunan da suka raka tarihin ƙasa na Jan Wagenaar, juzu'i 21 da Isaak Tirion ya buga tsakanin 1749 da 1759. Ƙanana ne, daidai shafin littafi, tsabtatattu, kuma akan same su da 'yan gomomin yuro. Haja ce ta gaskiya muddin an kira ta da sunanta. Matsalar tana zuwa ne idan mai sayarwa ya rubuta shekarun mutumin da ke hoton ya yi shiru a kan shekarar bugu, mai saye ya tafi da De Ruyter na tsakiyar ƙarni na 18 yana zaton na zamanin yaƙin ne. Alamar fitowa daga littafi ba ta ɓuya: gefe ɗaya yana da ramukan ɗinki ko sawun gam, sauran ukun an yanke su da wuƙa sumul, wani lokaci da umarnin mai ɗinki a saman kusurwa, juzu'i kaza shafi kaza.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen Rembrandt. Hotunan mutane da ya yi da cin asid, irin su fasto Jan Uytenbogaert na 1635, Jan Six na 1647, Clement de Jonghe na 1651 da maƙerin azurfa Jan Lutma na 1656, yawancinsu ba don kasuwar titi ya yi su ba, don masu hoton da abokansu da masu tara bugu ne. Amma farantan sun fi shi tsawon rai. A lissafin kayan da De Jonghe ya bari, wanda aka rubuta a 1679, akwai farantan Rembrandt 74. Da yawa daga farantansa sun bi ta hannun Pieter de Haan, suka ƙetara Faransa wurin Claude-Henri Watelet, sannan Pierre-François Basan, wanda ya buga su a kundi wajen 1789, ɗansa ya ci gaba, wasu suka karɓa a ƙarni na 19. Kusan 80 sun kai zamaninmu, an rarraba su a cinikin 1993. Duk tsawon wannan tafiya ana bugawa ana gyarawa. Lutma yana cikin waɗanda suka sha wannan wahala. A matakin farko, wato fasalin farantin kafin a yi masa wani canji, babu taga a bayansa, a na biyu aka ƙara taga da kwalba da rubutu, kuma a kan wannan fasali aka yi ta bugu har bayan mutuwar Rembrandt da shekaru masu yawa. Farantin Six kuwa a hannun iyalin Six ya zauna, shi ya sa bugunsa yake da wuyar samu. Mai sayarwa zai ce "daga farantin asali", kuma gaskiyarsa. Amma kuɗin da za a zuba a gajiyayyen Lutma na ƙarni na 19 zai iya sayen lafiyayyen Suyderhoef, wataƙila har da canji. Ga kuma kwafin da Charles Amand-Durand ya yi a Faris a ƙarni na 19 ta hanyar ɗaukar hoto a kan sabon faranti. Suna da sawun faranti, suna da tawada mai tudu, suna ruɗin ido sosai. Yakan buga jan hatimi a bayansu, amma hatimi abu ne da ake kankarewa.

Binciken takarda ba ya buƙatar kaya da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki 10, tocila, da ma'aunin milimita. A ɗaga takardar a gaban haske. Takardar ƙarni na 17 da hannu aka yi ta a kan rariyar waya, don haka za a ga siraran layuka a matse, da wasu masu gilma su a tazarar santimita 2 zuwa 3. Takardar da ba ta da wannan sawu sam ba ta bayyana a Turai ba sai wajen 1757, ke nan hoton 1630 a kanta bugun baya ne ko kwafi. Banda ɗaya: Rembrandt ya yi amfani da takardar Japan tun wajen 1647, mai santsi da launin ƙwai, kuma ita ba a auna ta da wannan ma'auni. A cikin hasken kuma za a nemi tambarin masana'anta. Har zuwa wajen 1670 yawancin farar takardar da ake bugu da ita a Holan daga waje take zuwa, musamman Faransa, kafin masana'antun yankin Zaan su kankama. Kan wawan sarki mai hular ƙararrawa da tambarin birnin Amsterdam suna yawan fitowa a takardun ƙarni na 17. Budurwar Holan cikin shinge da kalmomin Pro Patria ta fi zama alamar ƙarni na 18. Tambari ba hujja ce yankakkiya ba, domin takarda tana iya kwana shekaru a sito, kuma masu bugun baya sun san amfanin tsohuwar takarda. Yana dai iya ƙaryata mai sayarwa ko da bai iya gaskata shi ba.

Sannan a kwantar da tocila a gefe, hasken ya shafi fuskar takardar. Tawadar sassaƙa tana tsaye a kan takarda kamar zare, tana jefa 'yar inuwa. Sawun gefen faranti yana nutse. In komai ya kwanta shamal, ko dai bugun zamani ne, wanda gilashi zai nuna ɗigoginsa jere kamar raga, ko kuma an wanke takardar an danne ta. Wankakkiyar takarda tana da fari irin na rashin lafiya, tawadarta ta koma ruwan toka, kuma sinadarin da ya saura a cikinta yana ci gaba da cin zaren.

Yanke gefe ba abin tsoro ba ne yadda sababbin masu saye suke zato. Masu tara bugu na da sukan datse takarda har bakin hoto su manna a kundi, don haka tsohon bugu mai kyau sau da yawa ba shi da gefe ko kaɗan, ko yana da siriri kamar zare. Faffaɗan gefe fari tas a hoton da aka ce na 1620 ne shi ya fi cancantar tambaya. Yankan da yake rage daraja da gaske shi ne wanda ya ci baitocin ƙasa ko layin excudit, domin ya tafi da shaidar mataki. Wani lokaci da gangan ne.

Kwafin sata na zamanin ma yana yawo. Mai kwafi da ya zana abin da yake gani kai tsaye a kan faranti, bugunsa zai fito a juye, dama ta koma hagu. A duba gefen da takobi yake, da inda mutumin yake fuskanta, a gwada da na asali. Launi kuma, a hoton mutum na wannan zamani, galibi ƙarin baya ne don ya ja idon mai ado.

Gwadawar ba ta da wuya yanzu. Gidan tarihi na Rijksmuseum ya saka tarinsa a intanet kyauta, da hotuna masu kaifin da za a iya ƙirga layuka, kuma a can tarin Frederik Muller yake tun 1881. Muller ɗin ne ya fitar da kundin hotunan mutanen Holan 7000 a 1853, har yau ana ambaton lambobinsa. Kundin Hollstein, wanda aka fara a 1949, shi yake jera matakan kowane faranti. In akwai ƙaramin hatimin wani mai tari a bayan takarda, ana nemansa a kundin Frits Lugt, shi ma yana intanet kyauta. Mai sayarwar da ya rubuta lambar Hollstein, da mataki na nawa cikin nawa, da girman faranti da na takarda a milimita, da tambarin takarda, ya san hajarsa kuma ya ɗaure kansa da magana. Wanda ya tsaya a "tsoho ne, yana da kyau" cinikin biri a sama yake nema. A roƙe shi hoton baya, da hoto a gaban haske, da na kusa a kan fuska. Hoton allo yana ƙara wa tawada baƙi, yana ɓoye gyaran yagewa. In takardar tana cikin firam ba a buɗe ba, a ɗauka akwai abin da ba a gani ba, musamman mannewa a kan kwali, wadda take rufe tambari da hatimi gaba ɗaya. A gwanjo kuma a tuna da ladan gidan, wanda yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye a kan farashin da aka buga guduma.

Ɗigo-ɗigon tsatsa kaɗan a gefe abin haƙuri ne, a kan fuska kuwa a nemi ragi. Launin ƙasa-ƙasa mai kusurwa huɗu daidai tagar firam ƙunar kwali mai asid ce haɗe da rana. Mai gyaran takarda yana iya sassauta ta, ba ya iya mayar da ƙarfin zaren.

Bayan saye, takardar tana son kwali marar asid gaba da baya, a rataye ta daga sama kawai da 'yan guntayen takardar Japan biyu da kunun sitacin alkama, yadda za ta miƙe ta tsuke da yanayi ba tare da ta yi kumburi ba. Salatif da gam na kanti suna barin tabon da ba ya fita. Kada gilashi ya taɓa fuskar bugun, mezotinti musamman, domin tawadarsa tana gogewa. Gidajen tarihi suna nuna irin waɗannan takardu a haske mai rauni, wajen lus 50 a ma'aunin haske, da laimar iska wajen kashi 50 cikin 100, na 'yan watanni, sannan su mayar da su akwati a kwance.